Ina Za Mu Kai Iyali Kallo? Sharhi a Kan Wasannin Sallar Bana a Sabo

 

Duk shekara, da zarar an sauko daga idi, an ci tuwon Sallah, an gama zagayen gaishe-gaishe, tambaya ɗaya ce ke tasowa a gidajenmu: to, yau ina ake wasa? Yara su tambayi uwa, uwa ta tura su wurin maigida, maigida kuwa shi ma bai sani ba, sai abin da ya gani manne a bango ko wanda aka turo masa a waya. Wannan ya sa a makon Sallar bana muka ware lokaci muka bi wasanni uku da aka yi a unguwa da kewayenta: wasan gala na dare, dambe, da taron wata makarantar Islamiyya. Wani zai ce me ya kai mai jan salla gidan gala? Amsar ita ce 'ya'yanmu ne a ciki, kuɗinmu ake kaiwa, kuma gani ya kori ji. Abin da muka taras shi ne wasan da ya fi kowanne ƙarar talla shi ya fi kowanne rashin ƙwari, wanda kuma ya fi daɗin kallo babu wanda ya yi shelarsa. Ba za mu kama sunan kowa ba, gyara muke nema.

Yadda ake jin labarin wasa, da can da yanzu

Tun da aka yanka wa Hausawa wannan unguwa a 1916, goro da shanu ne suka riƙe ta, kuma inda kuɗi ke juyawa nan makaɗi ke sauka. Dattawanmu suna ba da labarin yadda makaɗan Arewa kan sauko Kurmi, su yi kwanaki a Badun kafin su wuce Ikko. A lokacin, makaɗi ba ya shigowa gari ya kafa kalangu haka kawai. Sai ya sauka a gidan wani maigida, a kai shi ya yi gaisuwa a fada, sannan maroƙa su bi layi-layi suna faɗa: wane ya zo, ga inda za a yi, ga lokaci. Amfanin wannan tsari shi ne akwai wanda ya tsaya wa wasan. In an yi ba daidai ba, an san ƙofar da za a je a yi sallama. Daidai yake da yadda muke ciniki: baƙo ya kawo shanu daga Arewa, mai masaukinsa ne ke tsaya masa, shi ke lamunin wanda ya ɗauka bashi, kuma sunansa ne ke ɓaci in an ci amana.

Yanzu labarin wasa yana zuwa ne ta hanya uku. Akwai fosta da ake mannawa a bangon shaguna da gindin gadar Mokola. Akwai mota mai lasifika da ke zagaye unguwa saura kwana biyu ko uku. Sai kuma waya, wato hoto ko ɗan bidiyo da ke yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok. Duk ukun suna da ciwo ɗaya: ba su da uba. Za ka ga hoton mutum goma, ka ga lambar waya biyu, amma ba za ka ga sunan mutum ɗaya da ka sani a unguwa wanda zai ce ni na shirya, in an cuce ka zo ka same ni ba. Kuma duk ukun kuɗi suke ci, saboda haka wanda yake sa ran tara kuɗin ƙofa shi kaɗai ke iya yin su. Mahauci mai haɗa dambe da malamin Islamiyya ba su da kuɗin hayar mota da lasifika. Shi ya sa mai neman kallo a garin nan yakan faɗa hannun wanda ya fi ihu.

Gala: marsa a sama, sankara a ƙasa

Fostar galar bana ta ɗauki fuskokin fitattun 'yan fim da mawaƙa na Kano, an rubuta za a fara ƙarfe takwas na dare. An yi shi a zauren wani otal. Ƙarfe takwas ta yi, ko kujeru ba a gama jerawa ba. Dije ya riƙa sakin waƙoƙi daga filashi har wajen sha biyun dare, sannan mai gabatarwa ya hau dandamali ya ce manyan baƙi suna hanya. A cikin fuskokin da aka manna, biyu muka gani da idonmu. Sauran an ce jirgi ya ɓata musu lokaci. Babu wanda aka mayar wa ko sisi.

Mu 'yan goro muna da suna ga irin wannan. Mutum ya jera marsa a saman huhu, ya cusa mai sankara a ƙasa, ya ɗaure da ganye mai kyau. In aka kama shi a kasuwa, ya gama ciniki da mu ke nan. Ba mu ga dalilin da zai sa abin da ba mu yarda da shi a huhun goro ba mu yarda da shi a tikitin wasa ba.

Amma ko da duk sun zo, akwai matsalar da ta fi wannan. Abin da aka yi a kan dandamalin nan ba waƙa ba ce. Dije ne ke sakin waƙar da aka riga aka ɗauka a situdiyo, mawaƙi ya riƙe makirfo yana motsa baki, yana ɗan jefa ihu a tsakani. Muryar da kake ji ita ce dai wadda ke cikin wayarka, wadda kwamfuta ta goge ta miƙar. Babu makaɗi ko ɗaya, babu 'yan amshi. Mutum ya biya kuɗin mota, ya biya kuɗin ƙofa, ya hana idonsa barci, don ya ji abin da zai iya ji kyauta yana kwance a ɗakinsa.

Sai kuma sha'anin ambaton suna. Da an ga wani alhaji ya shigo, sai a tsayar da waƙa, a kira sunansa sau biyar ko shida, a ce ya taso ya yi liƙi. Wasu za su ce ai Mamman Shata ma don kuɗi yake ambaton mutane. Gaskiya ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Bambancin yana cikin aikin. Shata, wanda ya rasu a 1999, in zai waƙe mutum sai ya san garinsu, da sana'arsa, da halinsa, ya ɗinka su cikin baiti a nan take, kalangu na bin bakinsa, 'yan amshi na riƙe masa gindin waƙa. In wani abu ya faru a fili, ko wani ya shigo, ko wani ya yi rowa, kafin ka ƙifta ido ya shiga waƙar. Wanda ya je wasansa a Zariya da wanda ya je a nan Kurmi ba abu ɗaya suka ji ba, ko da waƙar ɗaya ce. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa kaɗai yakan riƙe taro. Barmani Coge da ƙwarya da mata 'yan amshi take tayar da biki. Wannan shi ne abin da ake fita gida a je a gani: mutum yana aiki a gabanka, zai iya yin kuskure, zai iya kuma ya zo da abin da bai taɓa yi ba. Kiran suna a jere kamar mai karanta takardar bashi ba kirari ba ne.

A nan ya kamata mu tunatar da masu liƙi cewa dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa takardun naira da taka su a wurin biki, kuma a 2024 an yanke wa wani sananne ɗaurin wata shida a Legas a kan haka. Yaran da ke ɗaukar ka a waya suna sakawa a TikTok, shaida suke tara maka ba su sani ba.

Don adalci, akwai abin yabo. 'Yan rawa sun yi aiki, an ga alamar sun ɓata kwanaki suna gwaji, ƙafa ɗaya suke ɗagawa su sauke tare. Akwai kuma wani mai barkwanci, ɗan unguwar nan, da ya kwaikwayi yadda Bahaushe sabon zuwa ke ciniki da direban Micra, yana cakuɗa Hausa da Yarbanci. Zauren ya ɗauki dariya domin kowa ya ga kansa a ciki. Shi kaɗai ne a daren nan ya faɗi abin da ba za a iya faɗa a Kano ba, abin da ya fito daga rayuwarmu ta nan. Minti goma aka ba shi, kuma sunansa ba ya cikin fosta.

Mun bar wurin wajen ƙarfe biyu, maƙwabtan otal ɗin kuma sun shaida mana ba a tashi ba sai da aka fara kiran assalatu. A cikin zauren mun ga yara 'yan shekara goma sha, maza da mata, ba tare da wani babba ba. A bakin ƙofa ana sayar da abin da bai kamata ba, kowa na gani. Wannan ba wurin da magidanci zai kai iyalinsa ba ne, kuma masu shiryawa sun san haka, shi ya sa suka sa shi a lokacin da magidanta ke barci.

Dambe: ba talla, amma akwai gumi

Labarin damben a bakin wani mahauci muka ji shi, muna sayen nama. Babu fosta, babu mota. An yi shi a wani fili da aka kewaye da buhuna, an fara bayan la'asar, aka tashi kafin magariba. Kuɗin shiga bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin gala ba.

A nan ne muka ga abin da muka rasa a otal. Makaɗa uku da kalangu, da mawaƙi ɗaya da babu makirfo a hannunsa, muryarsa kaɗai. Da ɗan dambe ya shigo fili sai kiɗa ya juya zuwa takensa, ka ga tsigar jikinsa ta tashi, ya ɗaga hannun da aka naɗe ya yi kirari. Ga waɗanda aka haifa a nan ba su taɓa gani ba: hannu ɗaya ake naɗewa da zare, shi ake duka da shi, ɗayan kuma na kariya ne. Ana yin turmi uku. In hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, ko da jini bai fita ba. 'Yan wasa sun kasu ɓangare-ɓangare, Kudu da Arewa da Guramada, kuma yaro yakan ɗauki sunan ubangidansa a ce masa shagon wane. Asali wasan mahauta ne, ana yin sa da kaka bayan an kawar da amfanin gona.

A cikin karawar da muka gani, ɗaya ta isa kuɗin ƙofa. Wani siriri da wani ƙaƙƙarfa suka yi turmi biyu babu kisa. Siririn ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana auna nisa da hannun kariya, yana barin ƙaƙƙarfan ya zubar da ƙarfinsa a iska. A turmi na uku ya same shi ƙasan kunne, sai gwiwa a ƙasa. Mai kalangu ya canza kiɗa tun kafin ƙura ta lafa, mawaƙi ya ƙirƙiro baiti a kan abin da ya faru yanzun nan. Wanda ya ci ya je ya ɗaga wanda ya faɗi. Babu filashin da zai iya yin wannan.

Garin nan ba baƙon dambe ba ne. A watan Agusta na 1963, a filin wasa na Liberty da yanzu ake kira Obafemi Awolowo, Dick Tiger ya doke Gene Fullmer ɗan Amurka a karawar kambun duniya na damben boksin. Maƙwabtanmu suna son irin wannan wasa, kuma mun ga Yarbawa da dama a filin, suna ihu tare da mu. Da an tsara shi, damben nan zai iya zama abin da ake zuwa Sabo dominsa.

Amma shi ma yana da nasa laifi, kuma ba ƙarami ba ne. Ana caca a fili, ana ɗora kuɗi a kan 'yan wasa. Hayaƙin wiwi ya ishi wani ɓangare na filin. Ba mu ga ko akwatin magani ba, balle ma'aikacin lafiya, alhali wasa ne da ake dukan kai. An sa yara ƙanana su buɗe fili, aka bar su suna dukan juna fiye da kima don jama'a na jin daɗi. Ga layu da guraye a damtse, waɗanda ba sai mun tsaya faɗin hukuncin dogaro da su ba. Babu benci ga dattawa, mata kuwa ba su da wuri sam. Duk waɗannan abubuwa ne da mutum biyar masu faɗa a ji za su iya gyarawa cikin mako ɗaya, ba tare da an taɓa wasan kansa ba.

Taron Islamiyya: an ba jawabi wuri, an hana yara

Na uku shi ne taron da wata Islamiyya ta shirya kwana uku bayan Sallah, a farfajiyar makaranta, kyauta. Iyayen yara kaɗai suka sani, ta takardar da aka ba yara su kai gida. Akwai karatun Alƙur'ani, da waƙoƙin makaranta, da ɗan wasan kwaikwayo.

Karatun wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba ya sa wurin ya yi tsit. Ta ba kowane harafi haƙƙinsa, ba ta yi gaggawa ba. Tun 1986 ake yin musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, kuma irin waɗannan yara ne ya kamata unguwa ta tsaya musu har su kai can. Wasan kwaikwayon kuma a kan ɗan kasuwa ne da ya ci bashi ya gudu Arewa, ya dawo bayan shekaru yana tsammanin an manta. Yaran da kansu suka tsara shi da taimakon malamarsu. Yaron da ya fito a matsayin mai bin bashi ya ɗauko tafiya da tari da gyaran hula na dattawan layin 'yan goro, har wasu a cikinmu suka riƙa kallon juna.

Sai dai masu shiryawa sun cuci yaran. An ce ƙarfe goma na safe, aka zauna jiran babban baƙo har sha biyu saura. Da ya zo, mutum bakwai suka yi jawabi, kowanne ya fara da gaishe da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya. Lasifika na kuka, rabin maganar yara ba a ji. Da azahar ta matso, sai aka ce a gajarta wasan kwaikwayo, aka yanke ƙarshensa, ba a ga yadda aka kwashe da mai cin bashi ba. Yaran da suka yi wata guda suna gwaji sun sauka ido ya cika da hawaye. Abin da mutane suka zo gani shi aka yanke, abin da babu wanda ya zo dominsa shi aka bari.

Wannan ya tuna mana da tashe. A azumin da ya wuce, daga goma ga wata, yara sun fito kamar kullum, amma yawancinsu bokiti kawai suke bugawa suna miƙa hannu. Da wuya ka ga wanda ya san Jatau Mai Magani ko Macukule, balle ya yi shigarsu. Tashe wasan kwaikwayo ne na ƙofar gida, da shi ake yi wa malami mai kwaɗayi da gwauro da marowaci hannunka mai sanda. In aka cire wasan aka bar karɓar kuɗi, bara ce ta rage. Yaran ba su da laifi, babu wanda ya koya musu.

Garin ya fi Sabo faɗi

Wani abin da ke ƙara mana ƙunci shi ne mun ɗauka kallo sai a cikin unguwa. Filin wasa na Lekan Salami da ke Adamasingba, wanda aka gyara a 2021, da ƙafa ake zuwa daga nan, kuma nan ne gidan ƙungiyar Shooting Stars. Matasanmu sun san jadawalin ƙwallon Ingila da Sifen a ka, suna cika gidajen kallo, amma da yawansu ba su taɓa shiga wannan fili sun ga ƙwallo ido da ido ba. Cibiyar al'adu tana kan tsaunin Mokola, muna hango ta. Akwai lambun Agodi, akwai gidan namun daji da zauren wasan kwaikwayo a Jami'ar Ibadan, akwai gidan tarihi a Aleshinloye, akwai hasumiyar Bower a Oke-Are inda ake hango gari gaba ɗaya. Duk wuraren nan da rana ake zuwa, kuma magidanci zai iya ɗaukar iyalinsa ya dawo kafin magariba.

Akwai darasi kuma a wurin maƙwabtanmu. Kiɗan fuji da suke ji da shi ya samo asali ne daga waƙoƙin tayar da mutane sahur a watan azumi, waɗanda suke kira were. Sikiru Ayinde Barrister, wanda ya rasu a 2010, shi ya fi kowa suna wajen fito da shi daga layin unguwa zuwa dandamali. Wato abin da muka bari ya lalace ya zama bugun bokiti, su sun raine shi ya zama sana'a. Suna da wani salon waƙar mata Musulmi da suke kira waka, sunan da kowane Bahaushe zai gane. Kuma ka duba babban bikin Bayarabe: in an ce mawaƙi zai zo, da makaɗansa zai zo, da ganguna, ya yi awanni yana waƙa da bakinsa. Mai biki ba zai biya wanda zai zo ya motsa baki ba. Mu ne muka yarda aka mayar da mu kasuwar da ake kawo wa kwantai.

Sanin abin da ke faruwa a gari kuma kariya ce. Bikin Oke'badan yakan zo wajen watan Maris, dodannin Egungun kuma suna fita da damina, cikinsu har da Oloolu wanda a al'adarsu mace ba ta ganin sa. Ba namu ba ne, ba ma zuwa, amma wajibi ne mu san ranakun don matanmu da 'yan tallanmu su san hanyar da za su bi. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Sasa a watan Fabrairu na 2021 ya san yadda ƙaramar hatsaniya ke zama gobara. In rigima ta tashi a ƙofar gidan gala ƙarfe uku na dare, babu wanda zai ce wane ne ya yi. Hausawan Sabo za a ce. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Maganar addini

Mun san akwai masu cewa a hana duka a huta. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa tun da daɗewa, kuma wannan shafi ba wurin fatawa ba ne. Amma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mutanen Habasha sun yi wasa da masu a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ya tsaya ya bar Nana A'isha ta kalla har ta gaji don kanta. Saboda haka neman abin kallo ga iyali a ranar idi ba abin kunya ba ne. Ya kuma tabbata a Muslim cewa ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa, ya yi masa faɗa a kan ɓoye aibi. Abubuwan da babu saɓani a kansu su ne waɗannan: algus, da caca, da kayan maye, da tozarta salla, da sakin yara cikin dare. Su ya kamata a yaƙa. Hani kaɗai kuwa ba ya cike gurbi. Yaron da aka hana gala ba a ba shi komai ba, shagon caca na ƙwallo zai tafi, ko ya kwana a kan waya yana kallon abin da ya fi gala muni.

Abin da muke ba da shawara

Na farko, a samu wuri ɗaya sananne da ake sanar da wasa, allo a kusa da fada ko a bakin kasuwa, da kuma shafi a wannan mujalla kafin kowace Sallah. Duk mai son a sa nasa, ya rubuta sunan wanda ya tsaya masa a unguwa, da waɗanda za su zo da gaske, da lokacin farawa da na tashi, da kuɗin shiga, da ko akwai wurin mata da yara. Ya kuma faɗa ƙarara: da baki za a yi waƙar ko filashi za a saka? Wanda ya saɓa, a rubuta a fito na gaba. A sa dambe da taron makarantu kyauta, a kuma haɗa da ranakun wasan Adamasingba da na bukukuwan gari.

Na biyu, masu gala su dawo da wasansu tsakanin la'asar da isha'i, su zo da makaɗa ko da biyu ne, su ba 'yan unguwa masu basira fili na gaske. Masu dambe su kori caca da hayaƙi, su nemi ma'aikacin lafiya, su kawo benci. Masu Islamiyya su fara da yara a kan lokaci, jawabi ya biyo baya, mutum biyu sun isa.

Na uku, ƙungiyoyin 'yan goro da na 'yan shanu da na 'yan canji su duba aljihu. Abin da ake watsawa a ƙasa a dare ɗaya na liƙi ya isa a ɗauko mai kukuma ko mai gurmi daga Arewa sau ɗaya a shekara, a yi wasa da rana a fili, a sa dattawan da suka san tashe su koya wa yara kafin azumi. Muna da yara a unguwar nan da suka iya Yarbanci kamar 'yan gari, abin da muke alfahari da shi, amma ba su taɓa jin kalangu yana kiran sunan mutum ba. Hakkinsu ne su ji, kuma a wuyanmu yake.

Babbar Sallah na tafe, saura wata biyu da 'yan kwanaki. Lokacin ya isa a kafa allo. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da unguwarmu da garinmu lafiya. Wassalamu alaikum.